Zamba a Harkar Dakon Kaya: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Kauce Mata

Gabatarwa

Kowace ranar Lahadi kasuwar Baleyara takan cika da mutane da dabbobi da kaya. Garin yana kimanin kilomita 100 daga Yamai, a kan hanyar da ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai. Makiyaya suna kawo shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Manoma suna kawo gero da wake. A lokacin sanyi dankalin Bonkuku yakan bi wannan hanya zuwa kasuwannin Yamai. Daga can kuma motoci suna dawowa da shinkafa, sukari, siminti, kwanon rufi da atamfofi.

Duk wannan kaya sai da mota yake tafiya. Mai kaya yakan miƙa gumin shekara guda ga direban da watakila bai taɓa gani ba, ya koma gida yana jiran labari. Yawancin direbobi da masu motoci mutanen kirki ne, masu neman halaliyarsu. Amma a cikinsu akwai ɓata-gari, kuma akwai waɗanda ba direbobi ba ne sam, shigar direbobi kawai suke yi. Wannan bayani zai nuna ire-iren zambar da ake yi a harkar dako, da alamomin da ake gane ta da su, da abin da doka ta tanada, da kuma amfanin karatu da rubutu wajen kare dukiya.

1. Su wane ne ke cikin harkar dako?

Kafin mutum ya gane inda ake cutarsa, wajibi ne ya san aikin kowa.

• Mai kaya: shi ne wanda ya ba da kaya a kai wani wuri.
• Mai karɓa: shi ne wanda za a miƙa wa kayan a can.
• Mai mota: shi ne wanda sunansa ke kan takardun mota. Sau da yawa ba shi ne ke tuƙi ba.
• Direba da yaron mota: su ne ke tare da kaya a hanya.
• Ɗan kamasho: shi ne ke haɗa mai kaya da mota, a ba shi la'ada. Ba shi da mota, kuma ba ya bin kaya.
• Ƙungiyar masu motoci, wadda ake kira sandika: ita ce ke tsara layin lodi a tasha, kuma ta san motocin da ke aiki a hanyar.
• Wakilin duwan, wanda ake kira taranzite: shi ne ke cika takardun kayan da suka fito daga waje.

A zamanin fatake, madugu ne ke ɗaukar nauyin ayari, kuma kowane baƙo yana da maigidan da yake sauka wurinsa, wanda ke tsaya masa a ciniki. Idan abu ya ɓace an san ƙofar da za a buga. Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba. Tambayar farko a kullum ita ce: idan kayana suka ɓace, wa zan kama, kuma ina gidansa?

2. Hatsari daban, cin amana daban, zamba daban

Ba kowace asara ce zamba ba. Mota tana iya faɗuwa, ruwan sama yana iya jiƙa buhuna, dabba tana iya mutuwa don zafi. Wannan tsautsayi ne ko sakaci.

Cin amana shi ne a ba mutum kaya da yarjejeniyar gaskiya, daga baya ya karkatar da su ko ya sayar. Zamba kuwa tun farko da ƙarya aka gina ta: sunan ƙarya, takardar jabu, ko alkawarin motar da babu ita. Dokar ƙasar Nijar tana hukunta cin amana da zamba, kowanne laifi ne mai zaman kansa. Sanin wannan bambanci yana taimaka wa mai ƙara ya faɗi abin da ya faru daidai a gaban hukuma.

3. Ire-iren zambar da aka fi yi

(a) Ɗan kamashon ƙarya. Mutum ya tare ka a bakin kasuwa, ya nuna maka wata babbar mota da ke tsaye, ya ce tasa ce ko ta ubangidansa. Ya faɗi kuɗin da bai kai na kowa ba, ya nemi kafin alƙalami don sayen mai. Da ka biya sai ya ce zai je ya kira direba. Ba za ka sake ganinsa ba. Direban gaskiya kuma bai san shi ba.

(b) Karkatar da kaya. A nan mota ta gaskiya ce, an yi lodi a gabanka. Amma lambar da ke jikinta ba tata ba ce, sunan da direba ya faɗa ba nasa ba ne. Da an bar gari sai a kashe salula, a sauke kayan a wata kasuwa. An fi yin wannan da kayan da ke sayuwa nan take, kamar wake, shinkafa da ragunan Layya.

(c) Sayar da lodi. Ka yi ciniki da wani, shi kuma ya ba wata mota aikin a kan kuɗi kaɗan, ya riƙe abin da ka biya. Idan an isa, direban da ya ɗauko kaya zai ƙi sauke su sai an biya shi, domin shi ma bai karɓi komai ba. Mai kaya ya biya sau biyu.

(d) Ragewa da musanya. Wannan zamba ce mai wuyar ganewa. Ana soka buhu a ɗebi kaɗan, a ɗinke. Buhun gero mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40. Idan aka cire tiya 2 daga kowane buhu cikin buhu 60, an cire tiya 120, wato buhu 3 cur, alhali kuwa adadin buhunan bai ragu ba. A dabbobi kuma akan musanya ƙosasshen rago da ramamme mai launi iri ɗaya, ko a ce dabba ta mutu a hanya an yar da ita.

(e) Ƙarin kuɗi a tsakiyar hanya. Direba ya kira ya ce an tsare mota a shingen bincike, ko taya ta fashe, sai an aiko kuɗi yanzu-yanzu. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa mota tana fake a inuwa, kaya sun zama abin garkuwa.

(f) Ƙaryar fashi. Rashin tsaro da ya addabi sassan jihar Tilaberi gaskiya ne, kuma direbobi da yawa sun rasa dukiya, wasu sun rasa rai. Amma maha'inci yakan fake da wannan, ya sayar da kaya ya ce an tare shi. Wanda aka yi wa fashi da gaske yakan kai rahoto ofishin jandarma mafi kusa, a rubuta wuri da rana da sa'a. Mai kaya yana da damar neman ganin wannan takarda.

(g) Zambar salula. Ƙasar Kurfai ƙasa ce ta ƴan ci-rani. Gidaje da yawa suna da ɗa a Gana, Kodebuwa, Nijeriya ko Libiya. Mazambaci yakan kira ya ce ɗanku ya aiko kaya, suna hannun duwan, a aika kuɗin fito kafin yamma ko a yi gwanjonsu. Wani yakan turo hoton kwantena ko na mota ta WhatsApp, ya ce kaya suna kan teku. Hoto ba shaida ba ne, domin kowa yana iya ɗauko shi daga intanet. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

4. Tarkon dala da sefa

Akwai wani tarko da ya shafi masu koyon karatu musamman. A kasuwa muna ƙidaya kuɗi da dala, amma a takarda ana rubuta su da sefa. Dala 1 ita ce sefa 5. Jika 1 ita ce sefa 1,000, wato dala 200.

Ga misali. A ɗauka ka biya kafin alƙalami jika 50. Wannan shi ne sefa 50,000, ko dala 10,000. Mai karɓa ya rubuta 10,000 F a rasit, ya karanta maka da ƙarfi, ya ce “dubu goma”. Kai ka ji daidai ne, domin dala dubu goma ka biya. Amma harafin F yana nufin sefa. Takardar tana cewa jika 10 kawai ka biya. Ranar sauke kaya za a bi ka jika 40, kuma takardar da ke hannunka ita ce za ta yi shaida a kanka.

Maganin wannan abu uku ne. Na farko, a yi maganar kuɗin dako da jika. Na biyu, a tuna cewa kowace jika tana da sifiri uku a takarda: jika 50 ita ce 50,000 F. A takardun Faransanci akan sa ɗigo ko a bar fili a wurin waƙafi, kamar 50.000 ko 50 000, duk ɗaya ne. Na uku, a rubuta adadin da lambobi, a kuma rubuta shi da kalmomi, domin ƙara sifiri ko goge shi yana da sauƙi, amma canza kalma yana da wuya.

5. Takardar dako da abin da doka ta ce

Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka 17, har da Binin, Togo, Burkina Faso, Mali da Kodebuwa. A ranar 22 ga Maris 2003, a birnin Yawunde, ƙungiyar ta amince da doka kan dakon kaya ta hanyar mota, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2004. Tana aiki a kan dakon cikin gida, kamar daga Baleyara zuwa Yamai. Tana kuma aiki idan kaya za su ƙetare iyaka, muddin ƙasar da aka yi lodi ko wadda za a sauke tana cikin ƙungiyar.

Dokar ta yi bayanin takardar dako, wadda sunanta a Faransanci shi ne lettre de voiture. Yana da kyau mai koyo ya san siffar waɗannan kalmomi don ya gane su a saman takarda. Ga manyan abubuwan da ya kamata ta ƙunsa:

• wuri da ranar da aka rubuta ta;
• suna da adireshin mai dako;
• suna da adireshin mai kaya da na mai karɓa;
• wuri da ranar lodi, da wurin da za a sauke;
• irin kayan, da adadin buhuna ko ƙunshi, da alamominsu;
• nauyin kayan;
• kuɗin dako da sauran kuɗaɗen da suka shafi tafiyar.

Ana yin ta asali ɗaya da kwafi aƙalla biyu. Asalin na mai kaya ne. Kwafi ɗaya yana hannun mai dako, ɗaya kuma yana bin kaya. Rashin takardar ba ya soke yarjejeniya, amma yana sa tabbatar da ita ya yi wuya.

Ga wasu wa'adodi da adadi da ya kamata a haddace:

• Mai dako ne ke da alhakin kaya tun daga lokacin da ya karɓe su har ya miƙa su.
• Idan ɓarna ko ragi a bayyane suke, a sanar da mai dako a rubuce, kada a wuce ranar aiki ta farko bayan sauke kaya.
• Idan ɓarnar a ɓoye take, kamar buhun da aka soka, wa'adin kwana 7 ne, ban da Lahadi da ranakun hutu.
• Idan kwana 30 suka wuce bayan ranar da aka yi alkawari, ko kwana 60 bayan lodi in ba a sa rana ba, mai kaya yana iya ɗaukar cewa sun ɓace, ya nemi diyya.
• Diyya tana bin darajar kaya, amma ba ta wuce sefa 5,000 a kowane kilo, sai fa in an rubuta darajar kayan a takardar dako. Ga gero da wake wannan iyaka ba ta hana komai. Amma ga kaya marasa nauyi masu tsada, kamar salula ko magani, rubuta daraja wajibi ne. Idan an tabbatar mai dako da gangan ya yi ha'inci, iyakar ba ta kare shi.
• Wa'adin kai ƙara shekara 1 ne. Idan akwai ha'inci, shekara 3 ne.

A lura: dokar ta sassauta wa mai dako a wasu wurare. Idan asara ta zo daga rashin ɗauri mai kyau, ko rashin alama a jikin kaya, ko hatsarin da ke tattare da ɗaukar dabbobi masu rai, yana iya kuɓuta. Saboda haka sa alama a buhu da tura ɗan rakiya tare da dabbobi ba ƙarin wahala ba ne, kariya ce.

A kuma lura: inshorar da doka ta tilasta wa kowace mota, wadda ake kira asirans, tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu mutane ne. Ba ta biyan kayan da ke cikin motar. Idan direba ya ce “kada ka damu, muna da asirans”, a tambaye shi ko ta kaya ce. Inshorar kaya daban ake yin ta.

6. Kayan da ke zuwa daga teku

Nijar ba ta da gaɓar teku. Shekaru da yawa mafi yawan kayanta suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Paraku, Malanbil, Gaya da Doso zuwa Yamai, tafiyar da ta ɗara kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Binin, kaya da yawa suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau, jira ya yi yawa. Irin wannan yanayi shi ne kasuwar mazambaci, domin duk jinkiri yana da uzurin da za a ba shi.

Wanda ya haɗa kuɗi da wasu don sayo kaya daga waje, ko ya ba da saƙon mota, ya kamata ya san abu huɗu:

• Takardar jirgin ruwa, wadda ake kira connaissement. Ita ce shaidar cewa an ɗora kaya a jirgi, kuma tana ɗauke da sunan wanda za a miƙa wa.
• Lambar kwantena. Kowace kwantena a duniya tana da haruffa 4 da lambobi 7 a jikinta. Manyan kamfanonin jiragen ruwa, irin su Maersk, MSC da CMA CGM, suna da shafi a intanet inda ake sa lambar a ga inda kwantena take. Duk mai salula mai intanet yana iya duba maka. Idan lambar ba ta fito ba, ko ta nuna wata ƙasa daban, a dakata da biya.
• Lambar hatimi. Ana kulle ƙofar kwantena da hatimi mai lamba. Lambar da ke takarda dole ta yi daidai da wadda ke jikin ƙofa.
• Rasit ɗin duwan. Kuɗin fito ana biyansa a ofis, a ba da rasit mai tambari. Ba a aika shi ga lambar salular wani mutum. Wakilin duwan na gaskiya yana da izinin hukuma da ofis da aka sani. Akwai kuma majalisar masu amfani da sufuri ta Nijar, wato CNUT, wadda ke kula da bin diddigin kayan da ke shigowa ƙasa ta tashoshin teku.

Kada wanda aka cuta ya ɗauka rashin wayo ne ya ja masa. A watan Janairu 1980 wani katon jirgin mai mai suna Salem ya nutse a teku daura da Senegal. An ce ya nutse da ɗanyen mai kimanin tan 190,000. Bincike ya nuna cewa tuni an sauke mafi yawan man a asirce a Durban, Afirka ta Kudu, aka cika tankunan da ruwan teku, aka nutsar da jirgin da gangan don a ɓoye satar. A 1981 aka kafa ofishi na musamman a Landan don yaƙi da zambar teku. A 2023 kuma kamfanin Trafigura, ɗaya daga cikin manyan ƴan kasuwar ƙarafa da mai na duniya, ya sanar da asarar dalar Amurka miliyan 577, bayan ya buɗe kwantenonin da takardu suka ce ƙarfen nikel ne a ciki, ya tarar ba shi ba ne. Dabarar iri ɗaya ce da ta mai soka buhu: takarda tana faɗin abu ɗaya, cikin kaya yana faɗin wani. Gani ya kori ji.

7. Masu mota ma ana zambatarsu

Zamba ba gefe ɗaya take zuwa ba. Wani mai kaya yakan ɓoye nauyin gaskiya, mota ta yi lodi fiye da kima. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2005 ta iyakance nauyin da babbar mota za ta ɗauka, kuma ana cin tarar wadda ta zarce. Wani yakan ɓoye haramtattun kaya a cikin buhun hatsi, ko ya ɗora dabbobin sata. Idan aka kama, direba ne a hannu. Wani kuma yakan nuna saƙon salula na ƙarya cewa ya aika kuɗi. Don haka direba shi ma yana da damar buɗe buhu, da neman tikitin kasuwa da takardar ma'aikatar kiwo ga dabbobi, da tabbatar da shigar kuɗi kafin ya tashi. Takardar dako tana kare ɓangarorin biyu.

8. Alamomin da ya kamata su sa ka dakata

• Kuɗin dako ya yi araha ƙwarai fiye da na tasha. Kwaɗayi mabuɗin wahala.
• Ana gaggauta ka: “yanzu za mu tashi”, “saura wuri ɗaya”.
• Ana neman kuɗi duka kafin lodi.
• An ƙi yin ciniki a tasha, an ja ka bayan kasuwa.
• Direba ya ƙi nuna takardun mota, ko lambar takarda ta saɓa da ta jikin mota.
• Sunan da za a aika wa kuɗi ya saɓa da sunan wanda kake magana da shi.
• An ce kada ka gaya wa kowa.
• An ba ka farar takarda, ko mai gurabe a buɗe, an ce ka dangwala yatsa.

Alama ɗaya ta isa a yi tambaya. Biyu sun isa a fasa.

9. Matakan kariya

Kafin lodi:
1. Ka nemi mota ta hannun sandika a tasha, ko wurin wanda aka san gidansa.
2. Ka tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku.
3. Ka ga katin shaidar direba, da lasin tuƙi, da takardar mallakar mota, wato kart giriz. Ka kwatanta lambar harafi da harafi.
4. Ka kira lambar direba a gabansa, ka ji ta yi ƙara. Ka karɓi lambar mai mota.

Lokacin lodi:
5. Ka sa alamarka da fenti a kowane buhu, ka jera musu lamba: 1, 2, 3. Ka ɗinke baki da zare mai launi da ka sani.
6. Ku ƙidaya tare, da ƙarfi, gaban shaidu biyu. Ku auna buhu kaɗan a sikeli.
7. Ga dabbobi, ka rubuta jinsi da launi da alama, ka ɗauki hotonsu, ka tura ɗan rakiya.
8. Ka ɗauki hoton mota yadda lamba za ta fito.
9. Ka biya wani kashi kawai, saura sai an sauke. A rubuta wanda zai biya kuɗaɗen hanya.
10. Ka karanta takarda da kanka. In ba ka iya ba tukuna, wanda ka zo da shi ya karanta maka, ba abokin cinikinka ba. A ja layi a duk gurbin da ba a cika ba.

A hanya da wurin sauka:
11. Ka sanar da mai karɓa lambar mota da adadin kaya da lokacin tashi.
12. Idan an kira neman ƙarin kuɗi, ka kira mai mota da sandika kafin ka aika. In za ka aika, ka bi ta ofishin aika kuɗi da ke ba da rasit mai suna, ka adana shi.
13. Idan an ce ɗanka ya aiko kaya, ka kira shi a lambar da ka saba kiransa.
14. Mai karɓa ya ƙidaya ya auna kafin ya sa hannu. Idan akwai ragi, ya rubuta shi a takardar nan take, misali: “An karɓi buhu 57 maimakon 60.”

Ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi suna iya haɗa kayansu a mota ɗaya, su naɗa mutum biyu masu karatu su riƙe littafin lodi. Wannan yana rage kuɗi, yana kuma ƙara shaidu.

10. Idan an riga an cuce ka

Kada ka ɓoye don kunya. Shirun wanda aka cuta shi ne jarin mazambaci. Kada kuma ka aika wani kuɗi da nufin ceto na farko.

Ka tattara duk abin da ke hannunka: takardar dako, rasit, hotuna, lambobin salula da saƙonni. Kada ka goge komai. Ka sanar da sandika da shugabannin kasuwa a ranar, domin labarin mota yana saurin yawo tsakanin tasoshi. Ka kai ƙara ofishin jandarma ko na ƴan sanda, a rubuta maganarka, a karanta maka kafin ka sa hannu. Tun 2019 Nijar tana da doka kan laifuffukan da ake yi ta salula da intanet, saboda haka saƙonnin da ke wayarka suna da amfani ga masu bincike.

Idan wanda ya ci amanar ɗan gari ne, sulhu a gaban maigari ko sarki yana iya dawo da dukiya da sauri. Amma a rubuta abin da aka amince, da adadi da rana, kowa ya sa hannu. A kuma riƙa tuna wa'adin shekara 1, kada a ɓata shi wajen jiran alkawari.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karanta lambar mota, ya iya bambanta dala da sefa a takarda, ya kuma iya rubuta adadin buhunansa, ya rufe ƙofofi uku da mazambaci ya fi shigowa ta cikinsu.

Aiki a aji

1. Rubuta waɗannan da lambobi kamar yadda za su fito a rasit: jika 7, jika 35, jika 120.
2. An rubuta 15,000 F. Jika nawa ke nan? Dala nawa ke nan?
3. An cire tiya 1 daga kowane buhu cikin buhu 80. Buhu nawa aka sace?
4. An sauke kaya ranar Litinin, aka ga buhu biyu a yage. Wace rana ce ta ƙarshe da za a sanar da mai dako a rubuce?
5. A ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya kwafo lambar babbar mota ɗaya a littafinsa, a karanta su a aji.
6. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai kaya, ɗaya direba. Ku rubuta takardar dako ta buhun wake 20 daga Baleyara zuwa Yamai, da sunaye da rana da kuɗi da shaidu.